Ina Ruwan Batir Yake Tafiya? Iskar Haidirojin da Na'urorin Shinshino Ta

Gabatarwa

Duk mai shagon cajin waya a garin Gude, ko mai kula da batiran sola na wani masallaci ko ɗakin shan magani a ƙasar Kabo da Gwarzo, ya san wani aiki da ba ya wuce shi. Bayan 'yan makonni sai ya buɗe murafun batiransa, ya tarar ruwan ya ja baya, ya ɗauko gora ya ƙara. Idan aka tambaye shi inda ruwan ya tafi, zai ce zafi ne ya shanye shi. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan amsa, musamman a watannin bazara, amma ba ta cika ba. Yawancin ruwan nan wutar caji ce take raba shi gida biyu, ya koma iska iri biyu, wato oksijin da haidirojin, su fice ta ƙofofin murafun su shiga cikin ɗakin. Ta biyun, wato haidirojin, ita ce abin da wannan maƙala za ta yi magana a kai, tare da irin dabarun da masana kimiyya suka ƙago domin gane ta tun kafin ta yi ɓarna.

Halin iskar haidirojin

Ɗaliban da suka yi darasin kimiyyar sinadarai sun san ta. Ita ce iskar da take tasowa idan aka jefa tutiya a cikin ruwan asid, wadda idan aka kusanto mata da ashana take yin 'yar ƙara "fat" a bakin kwalbar gwaji. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Cavendish shi ne ya fara tantance ta a shekarar 1766. Babu abin da ya kai ta rashin nauyi a cikin dukkan sinadarai, domin iskar da muke shaƙa ta ninka ta nauyi kusan sau 14. Saboda haka da zarar ta fito sai ta yi sama, idan kuma ta tarar da rufi sai ta taru a ƙarƙashinsa.

Abubuwa uku ne suka sa take da haɗari. Na farko, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Iskar gas ta girki ma ba ta da wari a asalinta, kamfanoni ne suke zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don a ji idan ta tsiyaya; ita kuwa wadda take fita daga batir babu wanda ya zuba mata komai. Na biyu, tana kama wuta idan yawanta a cikin iska ya kai kashi 4 cikin 100, kuma tana ci gaba da kamawa har zuwa kashi 75 cikin 100. Wannan tazara ce mai faɗin gaske idan aka kwatanta da tururin fetur, wanda ba ya kamawa idan ya wuce kimanin kashi 8 cikin 100. Na uku, tartsatsin da zai tayar da ita bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda zai tayar da tururin fetur ba. Ɗan tartsatsin da yake fita lokacin da aka cire wayar caji daga kan batir ya isa, har ya yi yawa.

Bugu da ƙari, harshen wutarta kusan ba a ganin sa da rana. A zamanin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, take shirin tura mutane duniyar wata, ma'aikatanta sukan zagaya bututun haidirojin riƙe da tsintsiya a gabansu. Idan bakin tsintsiyar ya kama da wuta, to sun san akwai gobarar da ido bai gani ba. Mai karatu zai iya yin dariya, amma tsintsiyar nan ita ma na'urar shinshina ce, illa dai ba ta ba da labari sai bayan wuta ta riga ta tashi.

A nan Afirka ta Yamma ma an taɓa ganin aikinta. A shekarar 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse sun yi haƙa mai zurfin fiye da mita 100 a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, arewa maso yamma da Bamako, ba su sami ruwa ba, sai wata iska da take fitowa daga ramin. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa da taba sigari a bakinsa, nan take wuta ta tashi ta ƙone shi. Aka toshe ramin, ya yi shekaru da dama a rufe. Da kamfanin wani attajiri ɗan ƙasar, Aliou Diallo, ya buɗe shi, aka auna iskar a 2012, sai aka tarar kashi 98 cikin 100 haidirojin ce. Daga baya da ita aka riƙa tayar da injin da ya ba ƙauyen wutar lantarki.

Lissafin ɗakin batir

Bari mu dawo gida mu yi ɗan lissafi, wanda malami zai iya ba ɗalibansa a allo. Batir mai bolt 12, irin mai dalma da ruwan asid, yana da ɗakuna shida a cikinsa. Muddin bai cika ba, yawancin wutar da ake ba shi tana tafiya ne wajen caji. Idan ya cika aka ci gaba da ɗura masa wuta, ba ta da sauran aikin yi sai raba ruwa. A lokacin ne ake jin batir yana ɓararraka kamar tukunya. Bisa dokar da Michael Faraday ya gano, kowace amfiya ɗaya da ta ratsa ɗaki ɗaya na tsawon awa ɗaya tana fitar da kimanin lita 0.45 ta haidirojin.

To, a ce wani mai shago yana da batir huɗu a jere, wato ɗakuna 24, kuma na'urar da take kayyade caji ta lalace, ko kuma tun farko bai saya ba don tsimi, ya haɗa faifan sola kai tsaye. A ce amfiya 5 ce take shiga bayan batiran sun cika. Idan aka ninka 24 da 5 da 0.45 za a sami lita 54 a kowace awa. Idan ɗakin ajiyar yana da tsawon mita 2, faɗin mita 2, tsayin mita 2 da rabi, cikinsa yana ɗaukar lita 10,000, kashi 4 cikin 100 na wannan kuwa lita 400 ne. Ke nan a cikin awa bakwai da rabi ɗakin ya zama abin tsoro, idan a rufe yake ruf. Gaskiya ne babu ɗakin da ba ya shan iska ko kaɗan, kuma wannan yana rage haɗarin. Amma kada a manta iskar ba ta bazuwa daidai wa daida. A saman ɗaki take taruwa, don haka can ƙarƙashin silin za ta iya kai wannan mizani tun kafin awa bakwai. Wannan ne ya sa a ƙasashe da yawa ƙa'idar ɗakin batir ita ce kada haidirojin ta wuce kashi 1 cikin 100. Tambayar ita ce, ta yaya za a san ta kai, alhali ido da hanci ba su da amfani a nan?

Mene ne nano?

Nanomita ma'aunin tsawo ne. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita ɗaya. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen nanomita 80,000, farcen yatsa kuwa yana tsiro kimanin nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa. Duk abin da aka sarrafa har kaurinsa ya koma tsakanin nanomita 1 zuwa 100, ko gari ne, ko zare, ko shimfiɗa, shi ake kira kayan nano.

Me ya sa ƙanƙanta take da muhimmanci? Uwargida ta san amsar. Idan tana son kanwa ta narke da wuri a cikin tukunya, ba ta jefa dunƙule, sai ta daka. Dalili shi ne ruwa yana taɓa bayan abu ne kawai, dakawa kuwa tana fito da abin da yake ciki ya zama waje. Ɗauki dunƙule mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa santimita ɗaya ne: faɗin fuskokinsa shida murabba'in santimita 6 ne. Idan aka yayyanka shi zuwa 'yan dunƙulaye masu nanomita 10, jimillar faɗin fuskokinsu za ta kai murabba'in mita 600, wato ta fi fuloti mai ƙafa 50 da 100. Abu bai ƙaru ba, nauyinsa bai sauya ba, amma wurin da iska za ta sauka ya ninka sau miliyan. Tun da yake duk aikin shinshino iska a kan fuska yake faruwa, ba sai an faɗi ribar da ke cikin wannan ba.

Hanya ta farko: kuza

Abin sha'awa shi ne, sinadarin da aka fi amfani da shi wajen ƙera na'urorin shinshina a duniya ba baƙo ba ne a wurinmu. Kuzar da aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos, da kuma Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a nan Jihar Kano, haɗi ce na ƙarfen kuza da oksijin. Irin wannan haɗin ne, bayan an tace shi sarai, wani ɗan ƙasar Japan mai suna Naoyoshi Taguchi ya yi amfani da shi a shekarun 1960 ya ƙera na'urar gano tsiyayar gas a gidaje, ya kuma kafa kamfanin Figaro da yake sayar da ita har yau.

Ga yadda take aiki. Ana shafa garin sinadarin a kan ɗan ƙaramin tangaran, a sa masa waya mai ɗumama shi zuwa digiri 300 ko 400 a ma'aunin Salshiyos. A wannan zafi oksijin ta cikin iska takan manne a bayan kowace ƙwayar garin, ta ƙwace wasu daga cikin elektiron ɗin da suke ɗaukar lantarki. Sai hanya ta ƙuntata, turjiyar sinadarin ga lantarki ta yi sama. Idan haidirojin ta iso, sai ta haɗu da wannan oksijin su zama tururin ruwa su tashi, elektiron ɗin da aka tsare su koma bakin aikinsu, turjiya ta faɗi. Faɗuwar nan ita ake aunawa, ita ce kuma take kunna ƙararrawa.

Sai dai oksijin ba ta iya ƙwato elektiron daga can tsakiyar ƙwaya. Ikonta bai wuce zurfin kimanin nanomita 3 daga fata ba. Idan ƙwayar babba ce, fatar kaɗai take sauyawa, cikin yana nan yadda yake, don haka alamar da za a gani 'yar kaɗan ce. A shekarar 1991 Farfesa Noboru Yamazoe da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka nuna cewa idan aka rage girman ƙwayar har ya sauko wajen nanomita 6, ƙarfin shinshinar yakan yi tsalle ya hau ƙwarai. Dalilin a fili yake: nanomita 3 daga dama, nanomita 3 daga hagu, sun haɗe a tsakiya, ƙwayar gaba ɗayanta ta zama fata. A ganina wannan bincike yana cikin mafi kyawun misalan da malami zai iya bayarwa na yadda ɗan lissafi mai sauƙi yake bayyana abin da aka gani a ɗakin gwaji.

Na'urar kuza tana da araha da ƙarko, amma tana da aibi biyu. Ɗumama ta yana cin wuta dare da rana, abin da mai sola ba zai so ba. Sa'an nan ba ta da tantancewa sosai: hayaƙin janareto, tururin fetur, gas na girki, duk sukan motsa ta. Kare ne mai yin haushi ga ɓarawo da baƙo da mai gida baki ɗaya. Domin rage wannan ne ake barbaɗa wa ƙwayoyin kuzar 'yan ɗigo-ɗigon wani ƙarfe mai suna faladiyam, wanda shi ne zancenmu na gaba.

Hanya ta biyu: ƙarfen da yake shan iska

Faladiyam farin ƙarfe ne mai tsada, dangin filatinam, wanda aka fi haƙowa a Rasha da Afirka ta Kudu. A shekarar 1866 Thomas Graham, masanin sinadarai ɗan Sikotilan, ya gano cewa wannan ƙarfe yana shan haidirojin kamar yadda soso yake shan ruwa, har ya iya haɗiye wadda ta ninka girman jikinsa kusan sau 900. Ita haidirojin tana yawo ne tagwaye-tagwaye, zarra biyu a manne. Idan tagwayen suka sauka a kan faladiyam sai ya raba su, kowace zarra ta kutsa ta zauna a 'yan guraben da ke tsakanin zarrar ƙarfen. Sauran iskoki ba sa iya wannan shiga, kuma abin yana faruwa ba tare da an ɗumama komai ba. Ke nan aibi biyun da muka ambata a sama an sami maganinsu.

Idan faladiyam ya sha haidirojin abubuwa uku suke sauyawa a jikinsa: turjiyarsa ga lantarki takan ƙaru, jikinsa yakan kumbura da kimanin kashi 10 cikin 100, kuma yadda yake mayar da haske yakan canza. Kowanne daga cikin ukun an gina na'ura a kansa. Tun a 1975 Ingemar Lundström na ƙasar Suwidin ya ƙera taransisto mai ƙofar faladiyam wanda yake jin haidirojin. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce jinkiri da kuma tsagewa. Kafin iska ta ratsa ƙarfe mai kauri akan ɗauki lokaci, kuma yawan kumbura da sacewa yakan sa shimfiɗar ta tsattsage ta ɓare.

Mai kilishi ya riga masana sanin maganin jinkiri. Yana feɗe nama ya yi shi fale-fale ne domin rana da yaji su ratsa shi da sauri. A kimiyyance, lokacin da abu yake ɗauka kafin ya ratsa wani yana tafiya ne da kauri ninki kauri: idan aka rage kauri sau 10, lokaci zai ragu sau 100, idan aka rage sau 100, zai ragu sau 10,000. Zaren faladiyam mai kaurin nano yakan ƙoshi da haidirojin kafin ƙiftawar ido.

Tsagewar kuwa, wasu masana sun mayar da ita abin amfani. A shekarar 2001 ƙungiyar Farfesa Reginald Penner ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta ƙera zarurrukan faladiyam sirara waɗanda suke da 'yan tsagogi a jikinsu. Mai karatu ya ɗauka an jera busasshen wake a layi, da 'yar tazara tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta. Idan aka jiƙa shi ya kumbura, sai ƙwayoyin su taɓa juna. Haka zaren nan yake: idan babu haidirojin tsagogin a buɗe suke, lantarki ba ya wucewa, idan ta zo ƙwayoyin suka kumbura, sai hanya ta haɗe, wuta ta wuce. Makunni ne wanda iskar da kanta take dannawa, kuma yana amsawa a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Stanford, ƙungiyar Hongjie Dai ta ɗora ɗigon faladiyam a kan bututun kabon masu kaurin nano, irin waɗanda Sumio Iijima ya bayyana a 1991, ta sami na'ura mai jin haidirojin ba tare da ɗumamawa ba.

Hanyar haske ita ce ta fi burge ni. A 2019 ƙungiyar Farfesa Christoph Langhammer ta Jami'ar Chalmers a Suwidin ta jera miliyoyin ƙwayoyin gamin faladiyam da zinariya a kan gilashi. Idan aka haska su, akwai launin da suka fi kamawa, kuma wannan launi yakan gusa idan sun sha haidirojin. Zinariyar tana hana ƙarfen yin gardama wajen sakin iskar bayan ya sha. Sun kuma lulluɓe ƙwayoyin da siririyar rigar roba wadda haidirojin take ratsawa amma manyan iskoki masu guba ba sa iyawa. Na'urar ta gano haidirojin mai yawan kashi 0.1 cikin 100 a ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wani alherinta shi ne babu wayar lantarki a wurin da iskar take, balle a yi fargabar tartsatsi daga ita na'urar kanta.

Idan aka kawo ta ƙasarmu

Abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji mai sanyi da tsabta ba lalle ne ya jure zaman Gude ba. Ƙurar hunturu takan toshe ragar da ke bakin na'ura. Laimar damina takan sa tururin ruwa ya mamaye gurbin da haidirojin za ta sauka, zafin Afrilu kuma yakan gusar da ma'auni. Mafi muni shi ne guba. Iskar kabon monoksaid ta hayaƙin janareto tana manne wa faladiyam ta hana shi raba tagwayen haidirojin, haka ma iskoki masu ɗauke da farar wuta, irin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da take tashi daga masai ko daga batirin da ya ƙone. Na'urar da ta sha guba ba ta yin ƙara ta ce ta mutu. Shiru kawai za ta yi, mai ɗaki yana zaton lafiya. Shi ya sa ake gwada irin waɗannan na'urori lokaci-lokaci da iskar da aka san yawanta. Yawancin na'urorin nano da muka ambata har yanzu a matakin bincike suke, kuma wannan matsala ta jure wahalar waje tana cikin manyan abubuwan da suka riƙe su. Fage ne da ɗalibin da ya taso a nan, ya shiga Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo ko wata jami'a, yake da abin cewa a cikinsa, domin ya fi kowa sanin ƙura da zafin da za a gwada na'urar da su.

Ba ɗakin batir kaɗai ne yake bukatar su ba. Manyan taransifoma irin na tashar Kumbotso cike suke da mai, kuma idan wani lahani ya fara a ciki, haidirojin tana cikin iskokin farko da suke narkewa a man. Auna ta yakan nuna cuta tun kafin taransifoma ya ƙone. Masana'antar takin zamani ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 da haidirojin take haɗa sinadarin amoniya. Hatta batiran litiyam da suke maye gurbin masu ruwa, idan suka lalace suka ɗau zafi, haidirojin tana cikin abin da suke fitarwa.

Ga malaman da suke son ɗalibai su gani da idonsu, akwai 'yar na'urar kuza mai araha da ake kira MQ-8, wadda ake haɗawa da allon Arduino. Tana aiki da bolt 5, kuma sabuwa tana bukatar a bar ta a kunne kwana ɗaya ko biyu kafin karatunta ya daidaita. Idan aka tara 'yar haidirojin kaɗan daga tutiya da asid a kwalbar gwaji, a wuri mai iska kuma nesa da wuta, aka buɗe ta a ƙarƙashin na'urar, ɗalibai za su ga lamba ta hau. A sake gwadawa da na'urar a ƙasan kwalbar, sa'an nan a kusanto mata da audugar da aka jiƙa da sifirit, a tambaye su dalilin abin da suka gani. Wannan kayan koyarwa ne kawai, kada a dogara da shi wajen tsaron rai.

Shi kuwa mai ɗakin batir, ko da na'ura ko babu, akwai abin da ya wajaba a kansa. Ya huda mafitar iska a can saman bango dab da rufi, ya bar wata a ƙasa don sabuwar iska ta shigo, domin taga a tsakiyar bango ba ta kwashe abin da ya taru a sama. Ya sa na'urar kayyade caji, ya kashe caji kafin ya cire waya daga kan batir, kada kuma a shiga da taba ko fitilar kwai ko garwashin turare. Idan Allah ya hore masa na'urar shinshina, a silin ake kafa ta, daidai saman batiran, saɓanin ta gas ɗin girki da ake kafawa kusa da ƙasa saboda shi nauyi gare shi.